Bayan An Ɗora Linux: Matakan Farko na Kula da Sabuwar Babbar Manhaja

Gabatarwa

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye kulawar yau da kullum da ya saba bai wa babbar manhajarsa ta Windows 10. Ita kuwa Windows 11 da ta gaje ta, ba kowace kwamfuta take yarda ta zauna a kai ba, domin ta zo da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba. To, kowa ya san irin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai a nan Mubi, ko a Jami'ar Jihar Adamawa ko a Kwalejin Fasaha ta Tarayya. Galibinsu na hannu ne, 'yan Beljiyam, waɗanda aka mora shekara da shekaru a Turai ko Amurka kafin su iso gare mu. Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka rage wa mai irin wannan na'ura ita ce ya ɗora mata Linux, babbar manhajar da ba a biyan ko kwabo kafin a mallake ta, wadda kuma take da nau'o'in da ke tafiya lafiya lau a kan tsohuwar kwamfuta.

Ɗora ta ba wani jan aiki ba ne. Aboki ko mai gyara zai iya gamawa cikin abin da bai kai awa guda ba. Rikicin yana farawa ne bayan ya miƙo maka na'urar ya yi gaba, ka buɗe ka tarar da fuskar da ba ka saba gani ba, ka nemi ƙ da ɗ ka rasa, ga kuma malamin da ke duba kundinka yana jiran babi na biyu. Wannan maƙala ta taƙaita ne a kan wannan lokaci, wato kwanakin farko bayan ɗorawa. Zan riƙa kawo misali da Ubuntu da Linux Mint, saboda su aka fi miƙa wa sabon shiga, kuma umarninsu kusan ɗaya ne.

'Yanci ko kyauta?

Babbar manhaja ita ce mai shiga tsakanin mutum da ƙarfen na'ura. Ita ke raba aiki, ta adana fayiloli, ta ba ƙananan manhajoji irin na rubutu da na kallo wurin zama. A shekarar 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya shelanta shirin GNU, da nufin gina babbar manhajar da kowa zai iya amfani da ita, ya leƙa yadda aka ƙera ta, ya gyara ta, ya kuma raba wa wanda ya so. A 1991 sai Linus Torvalds, lokacin yana ɗalibi kamarmu a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya rubuta ƙwayar da ke tsakiyar tsarin, wadda aka sa wa suna Linux. Daga haɗuwar waɗannan biyu aka sami nau'o'i barkatai. Debian ta fito a 1993. A kanta ne Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya gina Ubuntu a 2004, sunan da aka aro daga harsunan Zulu da Kosa, mai nufin mutuntaka. A kan Ubuntu kuma aka gina Linux Mint, wadda ta fara fita a 2006. Ko a nan gida Nijeriya an taɓa gwadawa, domin a tsakiyar shekarun 2000 kamfanin Leapsoft ya fitar da Wazobia Linux da nufin ta yi magana da Hausa da Yarabanci da Ibo.

Akwai wani abu a nan da zai burge ɗalibin harshe. Masu wannan tafiya sun daɗe suna fama da kalmar Ingilishi free, saboda ma'ana biyu gare ta, sai sun yi dogon bayani kafin a gane wadda suke nufi. Bahaushe bai da wannan matsala, don ya raba kyauta daban, 'yanci daban. Abin da suke nufi shi ne 'yanci. Idan ka kwafi Ubuntu a filas ka ba ɗan ajinku, ba sata ka yi ba, lasisin ne da kansa ya ba ka izini. Sai dai 'yanci yana tafe da nauyinsa. Babu ofishin da za ka kai ƙara idan abu ya lalace, kuma mai gyaran waya na bakin kasuwa ba lalle ne ya san kanta ba. Daga ranar da aka ɗora ta, kai ne mai kula da ita.

Abu na farko, ka san abin da aka ɗora maka. Lambar Ubuntu shekara ce da wata: 24.04 na nufin Afrilun 2024. Duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, ake fitar da nau'in da ke ɗauke da haruffan LTS, wanda ake kula da shi tsawon shekara 5. Sauran na tsakani wata 9 kacal ake kula da su. Ɗalibin da ke karatun shekara huɗu ba shi da abin yi da nau'in wata tara. Idan wanda ya ɗora maka ya sa irinsa don wai shi ne sabo fil, gara ka mayar masa ya canza tun ba ka tara kaya a ciki ba.

Maigida da 'yan haya

An gina Linux ne a kan tsarin gidan haya. Kowane mai amfani da na'urar yana da ɗakinsa a cikin foldar da ake kira /home, kuma a nan kaɗai yake da ikon rubutu da gogewa. Sauran gidan, kamar /etc inda ake ajiye tsare-tsaren na'ura, da /var inda take rubuta rahoton abin da ke faruwa, na maigida ne, wanda ake kira root. A Ubuntu da Mint an kulle ƙofar shiga da sunan maigida kai tsaye. Abin da aka yi shi ne, mutumin farko da aka buɗe wa asusu lokacin ɗorawa an ba shi damar aron hular maigida na ɗan lokaci, ta hanyar rubuta kalmar sudo a gaban umarni. Zai ba da kalmar sirrinsa, na'ura ta yi aikin, ta riƙe izinin na kimanin minti 15, sannan ta karɓe abinta.

Ana rubuta umarnin ne a tamina, wato baƙin allon nan da ke tsorata mutane. Ana buɗe shi da danna Ctrl da Alt da T a tare. Babu wani tsafi a cikinsa. Jumloli ne gajeru masu nahawunsu: aikatau a farko, sai 'yan ƙarin bayani masu ɗauke da karan ɗori, sai karɓau. Wanda ya iya feɗe jumlar Hausa ya zana mata bishiya, wannan ba zai gagare shi ba. Abu biyu ne ke rikita sabon shiga. Na ɗaya, a nau'o'i da yawa idan kana rubuta kalmar sirri ba ka ganin komai a allo, ko ɗigo, amma tana shiga. Na biyu, Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami, saboda haka Kundi.odt da kundi.odt fayiloli biyu ne daban a wurinta.

Idan mai gyara ne ya zaɓa maka kalmar sirri, ka canza ta a ranar da umarnin passwd. Ina kuma ba da shawara kada kishin harshe ya sa ka saka ƙ ko ɓ a cikinta, domin allon shiga yakan tashi da tsarin kibod na Ingilishi, sai ka tsaya a ƙofar gidanka ba mabuɗi. A sani kuma, kalmar sirri tana hana mai leƙe ne kawai. Ɓarawon da ya ɗauke na'urar zai iya karanta abin da ke ciki, sai fa idan an zaɓi kulle ma'adanar gaba ɗaya tun lokacin ɗorawa.

Mun san halinmu a ɗakunan kwana da gidajen haya na Lokuwa da Sabon Layi: kwamfuta ɗaya, mutum biyar. Wannan zai kalli fim, wancan zai buga aikin gida, kuma hana aro ba ɗabi'armu ba ce. Maganin abin shi ne ka buɗe wa baƙi nasu ɗakin:

sudo adduser bako

Asusun da aka buɗe ta haka ba shi da ikon sudo, kuma a sababbin nau'o'i ba ya iya leƙa foldarka. An rubuta bako ba ƙugiya da gangan, don sunan asusu ba ya karɓar irin haruffanmu.

Gargaɗi ɗaya game da hular maigida. Kada ka kwafo umarni daga intanet ka liƙa shi bayan sudo alhali ba ka san abin da yake yi ba. Musamman umarnin rm, mai goge fayil, ba ya jefa abu a kwandon shara inda za a iya tsinto shi, shafewa yake yi gaba ɗaya. Idan kana shakka, rubuta man sannan sunan umarnin, bayaninsa zai fito ko babu intanet.

Sabuntawa a garin da wuta da data suke da tsada

A Windows an saba yawo shafi-shafi ana neman manhaja, ko a karɓo ta a filas tare da ƙwayoyin cutar da ta kwaso. A nan akwai rumbu guda da masu tsarin suke kula da shi, daga cikinsa ake ɗebo kusan komai. Umarni biyu ne ginshiƙi:

sudo apt update
sudo apt upgrade

Na farko jerin abin da ke rumbun kawai yake ɗaukowa, ba ya cin data sosai. Na biyu shi ke sauko da gyare-gyaren, kuma kafin ya fara zai faɗa maka yawan megabait ɗin da zai ci, ya jira amincewarka. Sabuntawar farko takan yi nauyi, saboda gyaran watanni ne ya taru tun ranar da aka fitar da nau'in. Ka bar ta sai dare idan kana sayen datar dare mai rahusa, ko sai ka sami intanet ɗin makaranta. Amma kada ka ce za ka bar ta gaba ɗaya, domin mafi yawan abin da ke ciki toshe kafofin ɓarna ne.

Idan ka tarar Wi-Fi ba ya aiki, wanda yakan faru da wasu tsofaffin kwamfutoci masu na'urar Broadcom, ka haɗa wayarka ta Android da kebul, ka kunna rabon intanet ta USB. Linux takan gane ta nan take. Daga nan ka buɗe Additional Drivers a Ubuntu, ko Driver Manager a Mint, ka ɗora abin da ya nuna maka.

Akwai ɓarawon data da ya kamata mai Ubuntu ya sani. Wasu manhajoji, ciki har da Firefox, suna zuwa ne a wani irin ƙunshi da ake kira snap, wanda ke duba sabuntawa da kansa sau huɗu a rana ba tare da sallama ba. Ka shiga saitin hanyar sadarwarka ka nuna cewa datar a ƙididdige take, wato ka kunna Metered Connection, sannan ka rubuta:

sudo snap set system refresh.metered=hold

Mint ba ta zuwa da snap, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa nake ganin ta fi dacewa da aljihun ɗalibi. Wata dabarar kuma ta 'yan ɗaki ɗaya ce. Idan aka yi amfani da apt-get a maimakon apt, ƙunshin da aka sauko yakan zauna a /var/cache/apt/archives. Wanda yake da nau'i iri ɗaya da naka sak zai iya kwafe su zuwa wannan folda a tasa na'urar, ya huta da sayen abin da ka riga ka saya.

Sai batun wuta. Yawancin kwamfutocin hannu batirinsu ya gaji, wasu ma da an zare caja sai su mutu. Mafi munin lokacin da wuta za ta ɗauke shi ne tsakiyar ɗora gyare-gyare, bayan an gama saukowa. Kada ka fara sai batir ya cika, ko kana da tabbacin janareto ko sola. Idan kuma ƙaddara ta faɗa, ba a nan take ake sake ɗora manhaja ba. Mafi yawan lokuta waɗannan biyun suna ƙarasa aikin da ya yanke:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt --fix-broken install

Sauran 'yan gyare-gyaren ba su da yawa. Umarnin sudo ufw enable yana tayar da katangar da ke hana kutse daga waje. Umarnin df -h yana nuna sauran wurin da ya rage a ma'adana. Wanda ya bar Windows a gefe guda zai lura agogo yana kuskuren awa ɗaya duk sanda ya sauya, saboda Linux tana ajiye agogon na'ura a kan lokacin duniya, mu kuwa muna gaba da shi da awa guda. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 yana sasanta su. Kuma tun daga 23.10, Ubuntu takan zo ba tare da manhajar rubutu ba idan an bi zaɓin farko wajen ɗorawa, sai ka ɗauko ta da sudo apt install libreoffice.

Haruffa masu ƙugiya

Nan ne inda ɗalibin Hausa ya bambanta da ɗalibin lissafi, kuma nan ya fi kamata ya kashe lokacinsa. Wanda ya rubuta fada yana nufin faɗa, ko baki yana nufin baƙi, ya san jan biron da ke jiransa.

Sai mun ɗan koma baya kafin a gane matsalar. Kafin tsarin Yunikod ya bazu, kwamfuta ba ta da gurbin ƙ da ɗ da ɓ. Dabarar da aka yi ita ce a ƙera zubin haruffa na musamman, abin da ake kira font, a cire hoton wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a sa hoton harafinmu a wurin. Sanannun cikinsu su ne Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar, kuma sun yi wa rubutun Hausa hidimar da ba za a manta ba, don da su aka buga littattafai da kundaye masu ɗimbin yawa. Sai dai a irin wannan tsari, ido ne ke ganin ƙ, ita kwamfuta a wurinta alamar } ce. Shi ya sa idan ka buɗe tsohon kundi a na'urar da ba ta da zubin, sai ka ga }asa a maimakon ƙasa, wa]anda a maimakon waɗanda, ~angare a maimakon ɓangare. Sabuwar Linux ɗinka ba ta da waɗannan zubi, don haka abin da za ka fara gani ke nan idan aka ba ka tsofaffin takardu.

Yunikod ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, wadda ba ta canzawa ko wane zubi aka sa. Ƙaramin ƙ lambarsa 0199, babban Ƙ 0198. Ƙaramin ɗ 0257, babba 018A. Ƙaramin ɓ 0253, babba 0181. Harafin ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa a inda muke sa 'y, lambarsa 01B4, babbansa 01B3. Mu da ke Mubi, inda Fulfulde da Gude da Fali da Margi suke zagaye da mu, muna da ƙarin buƙata, domin mai nazarin kwatanci zai nemi ŋ, wadda lambarta 014B. A yawancin manhajojin Linux, idan ka danna Ctrl da Shift da U tare, ka rubuta lambar, ka danna Enter, harafin zai fito. A LibreOffice kuma kana iya rubuta lambar ka danna Alt da X.

Wannan hanya ta harafi ɗaya ce ko biyu. Ba mai rubuta kundi mai shafi 80 da ita. Abin da ya dace shi ne a ƙara tsarin kibod na Hausa, wanda yake cikin Linux tun asali, ba sai an sauko da komai ba. A Ubuntu ka shiga Settings, sai Keyboard, sai Input Sources, ka nemi Hausa. Za ka ga ta Nijeriya da ta Gana, ka ɗauki ta Nijeriya. A Mint yana cikin saitin Keyboard, ɓangaren Layouts. Akwai wurin da zai nuna maka hoton kibod ɗin da mazaunin kowane harafi. Ka zana shi a takarda ka liƙa kusa da allo, cikin mako guda yatsunka za su haddace. A Ubuntu ana sauyawa tsakanin Hausa da Ingilishi da maɓallin da ke da tambarin Windows tare da maɓallin tazara.

Bayan kibod sai zubi, domin lamba ba ta isa ba sai da zubin da ke da hoton harafin. Cibiyar SIL ta ƙera zubi musamman don harsuna irin namu, kuma suna cikin rumbu:

sudo apt install fonts-sil-charis fonts-sil-doulos fonts-sil-andika

Charis da Doulos suna da duk haruffanmu da alamomin furuci na duniya, kuma suna ɗora alamar karin sauti daidai a kan wasali, ko da an haɗa ta da alamar tsawo. Mai darasin tsarin sauti zai gode musu. Doulos ta yi kama da Times New Roman ƙwarai. Masu aikin ajami kuma akwai fonts-sil-alkalami, wadda aka zana bisa salon rubutun Kano, da fonts-sil-harmattan, wadda aka yi don ajamin Afirka ta Yamma.

Ga wani tarko. Da yake ana yawan cewa a buga kundi da Times New Roman, ɗalibi yakan ɗauko ƙunshin ttf-mscorefonts-installer ya ɗauka ya gama. Wanda ke cikin wannan ƙunshi tsohon zubi ne da ba shi da haruffa masu ƙugiya. LibreOffice za ta aro su daga wani zubin ta cike gurbin, sai ka ga ƙ ta fi 'yan'uwanta ƙiba ko tsawo a tsakiyar kalma. Gara ka yi aikinka da Doulos, ko ka nuna wa malaminka shafi ɗaya ya amince tun da wuri.

To, yaya za a yi da tsofaffin takardun? Kana iya ɗora tsohon zubin a Linux idan ka same shi, ka danna fayil ɗinsa sau biyu ka zaɓi Install, takardar ta karantu. Amma wannan rufa-rufa ce, don ranar da ka tura wa wani, ko ka sa a intanet, alamomin za su dawo. A ganina duk rubutun da ake son ya rayu gara a juya shi zuwa Yunikod sau ɗaya a huta. A LibreOffice ana yi da nema da musanyawa, harafi bayan harafi. Idan kuwa fayil ɗin tsuran rubutu ne, layi ɗaya ya isa:

sed 'y/}]~/ƙɗɓ/' tsoho.txt > sabo.txt

Ma'anarsa, duk inda aka ga alama ta farko a sa harafi na farko, ta biyu a sa na biyu, haka har ƙarshe, a zuba sakamakon a sabon fayil, tsohon kuma yana nan ba a taɓa shi ba. Ka duba alamomin da suka tsaya a madadin manyan baƙaƙe a takardarka ka ƙara su. Ka kuma lura, idan marubucin ya yi amfani da baka mai kusurwa ta gaskiya, kamar yadda ake yi wajen rubutun furuci, ita ma za ta juye, sai ka bi ka gyara da hannu.

Ribar wannan wahala tana fitowa ne wajen bincike. Rubutun da ke Yunikod ana iya ƙirga shi. Umarnin grep -c 'ɗin' sabo.txt zai faɗa maka layuka nawa ne ke ɗauke da wannan gaɓa, aikin da zai ci kwanaki idan da fensir za a yi shi. Mai nazarin sauti kuma zai sami Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙera, da Audacity ta gyaran murya, duk a rumbu.

Ranar kai aiki shagon buga takardu, kada ka kai fayil ɗin da za a iya gyarawa. Kwamfutar shagon ba ta da zubinka, za ta musanya shi, shafuka su goce. Ka fitar da shi a matsayin PDF daga LibreOffice, domin PDF yana tafiya da zubinsa a ciki. Idan filas ɗin ya dawo da wasu baƙin fayiloli masu ƙarewa da .exe ko .lnk, ƙwayoyin cutar Windows ne. Ba sa tashi a Linux, ka goge su kafin ka miƙa wa wani.

Ajiyar ko-ta-kwana

Mutanen Mubi ba sa buƙatar dogon wa'azi a kan wannan. A ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka shigo garin, ɗalibai da malamai sun fita ne da abin da ke jikinsu, wasu ta duwatsu zuwa Kamaru, wasu zuwa Yola. Allah Ya kiyaye gaba. Amma ko a zaman lafiya, ga zafin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'ura, ga ma'adanar da ta riga ta tsufa tun kafin ta zo hannunka.

Ajiya iri biyu ce, kuma ana yawan rikita su. Timeshift, wadda ke zuwa da Mint kuma ana iya ɗora ta a Ubuntu, hoton tsarin na'ura take ɗauka, don idan sabuntawa ta ɓata wani abu a koma yadda ake jiya. Bisa saitinta na asali ba ta ajiye takardunka. Wanda ya dogara da ita don kundinsa ya yi ajiya a inda ba a ajiye ba. Takardu aikin Déjà Dup ne, wadda Ubuntu ke kira Backups, ko Backup Tool a Mint, ko kuma kwafi na hannu zuwa filas. Tsarin na'ura ko ya rushe ana sake ɗora shi cikin awa guda. Hirar da ka yi da tsohuwa a ƙauye kana tattara tatsuniyoyi ko kirarin sarauta, wannan ba ta cikin rumbun kowa.

Saboda haka kwafi uku nake ba da shawara: na cikin kwamfuta, na filas da ba a ajiye shi a jaka ɗaya da kwamfutar ba, da wanda ya bar garin gaba ɗaya. Na ukun bai da wuya, babin kundi bai cika kai megabait ɗaya ba, ka tura wa kanka ta imel duk ranar Juma'a. Ka riƙa sa kwanan wata a sunan fayil, kamar babi2-2026-03-14.odt, shekara a farko, don su jeru da kansu. Wajen cire filas kuma ka danna alamar fitarwa ka jira, saboda Linux takan nuna ta gama kwafi alhali tana kan rubutawa a ɓoye. Sau ɗaya a wata, ka ɗauki filas ɗin ka buɗe shi a kwamfutar wani, ka tabbata babin da ke ciki shi ne na baya-bayan nan, kuma ƙugiyoyinsa suna nan yadda ka sa su.